Allo mai fuska biyu a kan ƙaramin injin CNC: mako bakwai ana neman milimita 0.3

Mafarin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikaci ne da ke harhaɗa kayan lantarki a ɗakinsa idan ya taso daga aiki. Na san shi, kuma na ga allunan da'irar lantarki da za a ambata a nan da idona, har da waɗanda suka lalace, domin bai zubar da ko ɗaya ba. Kowanne ya rubuta masa lamba a gefe ya ajiye a kwali.

Injinsa ƙaramin CNC ne na kan tebur, injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, samfurin da ake kira 3018, wato filin aikinsa santimita 30 ne a tsawo da 18 a faɗi. Manhajar GRBL ce ke tuƙa shi. Ba shi da makunnan da ke sanar da inji cewa ya kai ƙarshen hanya, saboda haka duk lokacin da aka kunna shi bai san inda yake ba sai an nuna masa sifili. Yakan zana da'ira a KiCad, ya fitar da fayilolin Gerber da na huji, FlatCAM ta mayar da su umarnin tafiya, sannan Candle ta riƙa aika wa injin layi bayan layi.

A wannan hanya ba a jiƙa allo a sinadari. Tsinke mai baki kamar harafin V ne ke zagaye kowace hanyar wuta, yana yanka siririn kwari a jan ƙarfe har ta rabu da maƙwabtanta. Allon da yake amfani da shi FR4 ne, wato na zaren gilashi da aka daskarar da gam, kaurinsa milimita 1.6, jan ƙarfen da ke kansa kuwa milimita 0.035 kacal.

Ya yi watanni yana sassaƙa alluna masu fuska ɗaya lafiya lau. Sabon aikin shi ne allo mai milimita 80 da 60, ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ATmega328P mai ƙafa 32, wadda daga tsakiyar ƙafa zuwa tsakiyar ta kusa da ita milimita 0.8 ne. Hanyoyin sun ƙi shiga fuska ɗaya, dole wasu su bi ta baya. A zanen farko akwai gada 26, wato ramukan da ke haɗa hanyar sama da ta ƙasa. Kowace gada ramin milimita 0.6 ce a tsakiyar mazauni, wato da'irar jan ƙarfen da ake liƙa dalma a kai, mai faɗin milimita 1.2, ke nan zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ramin milimita 0.3 ne. A riƙe wannan adadi, domin a kansa aka yi ta fama.

Mako na 1: zurfi, da kifawa a jikin kusurwa

Matsala ta farko ba ta da alaƙa da fuska biyu. Allunansa na baya masu manyan hanyoyi ne, yana yanka su da zurfin milimita 0.2 hankali kwance. Amma tsinken V, gwargwadon nutsewarsa gwargwadon faɗin yankansa. Tsinke mai digiri 30 da baki milimita 0.1 yakan yanka faɗin kusan 0.14 a zurfin 0.08, idan ya kai zurfin 0.25 kuma faɗin ya haura 0.23. Tsakanin mazaunan ƙafafun ƙwaƙwalwar kuwa tazarar kusan 0.25 ce kawai. Sai ya rage zurfi zuwa 0.08.

Allo na 1 ya fito rabi da rabi. A hagu tsinken ya nutse har ya rage wa hanyoyin ƙiba, a dama kuma ya shafi jan ƙarfen ne kawai bai ratsa shi ba. Allon ya ɗan lanƙwashe, katakon shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa ma ba a miƙe yake ba. Wannan bai ɗauke shi lokaci ba. Ya sa injin ya share saman katakon da faffaɗan tsinke, ya daina danne allo da maɗauri a gefuna, ya koma manna shi da tef mai gam fuska biyu, sannan ya fara yin taswirar tudu da kwari. Ana maƙala waya ɗaya a tsinke, ɗaya a jan ƙarfe, injin ya riƙa saukowa a hankali har su taɓa juna, ya rubuta tsayin wurin, ya matsa gaba. Ya sa a lalubi wuri 63, tazarar milimita 10 tsakaninsu. Taswirar ta nuna bambancin milimita 0.19 daga tudu zuwa kwari, fiye da ninki biyu na zurfin da yake son yankawa. Daga nan fuskar farko ba ta sake ba shi wahala ba.

Wajen kifawa, ya kafa katako biyu suka yi kusurwa, ya tura allon ya jingina da su, ya sassaƙa, ya kife shi ya sake jinginawa. Allo na 2 ya fito da ramuka a wajen mazaunansu baki ɗaya, sun goce da milimita 0.7 zuwa gefe ɗaya. Da ya auna ɗanyen allon, wanda aka sayar masa a matsayin mai faɗin milimita 100, sai ya tarar 100.7 ne. Shi ya gaya wa FlatCAM ta juya zanen a kan layin milimita 50, alhali tsakiyar allon na gaskiya tana 50.35. Layin juyawa ya kauce da 0.35, kifawa ta ninka shi ya zama 0.7.

Mako na 2: fegi biyu, da sifilin da ya ɓata

Sai ya bar dogaro da gefen allo. FlatCAM tana da sashe na musamman don allo mai fuska biyu, inda ake zaɓar layin juyawa a sa ramuka a kansa. Ya sa rami ɗaya sama da zanen, ɗaya ƙasa da shi, duka a kan layin tsakiya, injin da kansa ya huda su ta cikin allon har cikin katakon shimfiɗa. Idan an kife allon aka zura fegi a ramukan, dole ya koma kan layinsa.

Da farko ƙusoshi ya yi fegi da su, suna girgiza a cikin ramin. Daga baya ya koma amfani da gindin tsinkayen da suka karye, waɗanda kaurinsu milimita 3.175 ne kuma an goge su daidai tun daga masana'anta. Ya gwada huji a guntun allo sau uku yana gyara faɗin ramin, har fegin ya zama sai an danna shi da babban yatsa yake shiga.

Duk da haka allo na 3 ya lalace, ta wata hanya daban. Yayin da yake ɓamɓare allon daga tef don ya kife shi, teburin injin ya motsa a hannunsa bai sani ba. GRBL takan sake motocin tafiya jim kaɗan bayan sun tsaya, kuma da zarar ta sake su ana iya gusar da teburi ba tare da ta lura ba. Lambobin da ke kan kwamfuta suna nan yadda suke, amma injin ba ya wurin da suke faɗa. Maganin layi ɗaya ne: ya mayar da saitin $1 zuwa 255, wanda ke sa motocin su riƙe wurinsu muddin akwai wuta. Ya kuma ɗora wa kansa doka cewa daga huda ramukan fegi har zuwa yanke allo, ba kashe inji, ba taɓa sifilin X da Y. Sifilin tsayi kaɗai ake sabuntawa duk lokacin da aka canza tsinke.

Mako na 3 da na 4: kuskuren da ya ƙi tafiya

Allo na 4 ya fi na baya nesa ba kusa ba, amma bai yi ba. Gadojin tsakiya sun zauna daram. Na gefuna kuwa ramin ya ci zoben har ya fasa shi, wasu ma ya yanke hanyar da ke shiga mazaunin. Gocewar ta kai kusan milimita 0.3, daidai faɗin zoben.

A nan ya fi daɗewa, kuma a nan ya yi ta bin hanyoyin da ba su ɓulle ba. Ya fara zargin sassaucin sandunan tafiya masu zare, wato ɗan wasan da ake samu idan inji ya sauya alkibla. Ya kwance, ya ƙara matse su, ya shafa mai. Allo na 5 ya fito da gefunan hanyoyi masu tsabta, amma gocewar tana nan. Ya koma kan lissafin taku. Irin injinsa yana yin taku 800 ne a kowace milimita, sai ya yi zaton ko adadin bai dace ba. Ya kwana biyu yana aunawa yana gyara lambar, babu abin da ya canza. Da ya zauna da takarda da biro daga baya, ya ga cewa dama ba zai canza ba: idan injin yana ƙara tsawo kaɗan a tafiyar dama, haka yake ƙarawa a tafiyar hagu, kuma idan aka kife allo a kan layin tsakiya ƙarin biyu sukan haɗu wuri ɗaya su dace. Ya zargi fegi, ya ƙara na uku. Ya zargi tsinken huji, ya sayi sababbi. A ƙarshen mako na 3 har ya fara maganar sayen babban inji.

Bakin zaren ya fito ne ranar da na je wurinsa a mako na 4. Ya ɗauko allo na 5 ya kara shi a gaban fitila. FR4 yana barin haske ya ɗan ratsa inda aka sassaƙe jan ƙarfe, don haka ana iya ganin inuwar mazaunin baya ta cikin kwarin gaba. Muna bin gadojin ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, sai ya tsaya ya ce, "Malam, duba nan. Na hagu sama suka yi, na dama kuma ƙasa." Haka ne kuwa. Duk makonnin nan yana auna girman gocewar ne, bai taɓa duba inda ta nufa ba. Ba gefe ta yi ba kamar ta allo na 2. Tana bin tsayin allon ne, babu ita a kan layin fegi, tana ƙaruwa gwargwadon nisa daga layin, kuma alkiblarta a hagu kishiyar ta dama ce. Kamar an ɗan murɗa fuska ɗaya a kan ɗayar.

Abu ɗaya ne ke haifar da irin wannan: hanyar X da hanyar Y na injin ba su haɗu a kan digiri 90 cif ba. A allo mai fuska ɗaya wannan ba ya bayyana ko kaɗan, domin sassaƙa da huji duk da karkata ɗaya ake yin su, sai su dace da juna, zanen duka ya ɗan jirkice yadda ido ba zai gani ba. Amma idan aka kife allo, karkatar fuskar farko takan juya ta fuskanci ɗaya ɓangaren, ta fuska ta biyu kuma tana nan inda take. Sai tazarar da ke tsakaninsu ta zama ninki biyu.

Gwajin da ya tabbatar da hakan bai kai minti goma ba. Ya sa injin ya huda ramuka huɗu a kusurwoyin murabba'i mai milimita 100, ya zura fegi, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta da ma'aunin dijital mai muƙamuƙi. Da injin daidai yake, awon biyu za su zo 141.4 kowanne. Ya samu 141.7 da 141.2. Bambancin rabin milimita a nan yana nufin karkatar kusan digiri 0.2. A gefen allonsa, milimita 40 daga layin juyawa, wannan karkata tana gusar da rami da 0.14, kifawa ta mayar da shi 0.28. Lissafi ya zo daidai da abin da ke kan allo.

A samfurin 3018 teburi ne ke tafiya gaba da baya, kan injin kuma yana tafiya hagu da dama a kan sanduna da ginshiƙai biyu ke riƙe da su. Tun ranar da ya haɗa injin, ginshiƙi ɗaya ya ɗan fi ɗayan matsowa gaba. Ya sassauta notunan, ya mayar da shi baya da kimanin milimita 1, ya ɗaure, ya sake gwajin murabba'i. Sai a karo na uku bambancin ya sauko ƙasa da milimita 0.1.

Mako na 5: fuskoki sun dace, gadoji sun kawo nasu

Allo na 6 shi ne na farko da duk ramuka 26 suka faɗa cikin mazaunansu ta gaba da ta baya. Amma a fuska ta biyu akwai wuri ɗaya da tsinken ya nutse ya cinye hanyoyi uku. Ya huda ramukan ne kafin ya kife allon, kuma lokacin yin taswirar fuska ta biyu tsinken lalube ya faɗa bakin wani rami, ya sauka ƙasa sosai kafin ya taɓa jan ƙarfe. Manhajar ta ɗauka akwai kwari a wurin, ta zurfafa yanka. Sai ya sauya jerin aikin: ramukan fegi, taswira, sassaƙa fuskar baya, goge kaushin da yanka ya tayar da lallausar samfefa, kifawa, sabuwar taswira, sassaƙa fuskar gaba, huji, sannan yanke allo. Gogewar tana da muhimmanci, domin kaushin jan ƙarfe idan ya koma ƙasa yakan ɗaga allon ya hana shi kwanciya.

Allo na 7 ya fito babu aibi daga injin, amma ya gagara haɗawa. Allon masana'anta ramukansa a lulluɓe suke da jan ƙarfe ta ciki, shi ya sa sama da ƙasa suke haɗe tun kafin a ɗora komai. Na gida ba haka yake ba, ramin busasshen rami ne. Kowace gada sai an zura mata waya an liƙe da dalma ta fuska biyu. Huɗu daga cikin gadojinsa suna ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, tudun dalmar ya hana ta zama. Sannan mahaɗan waya masu gindin roba, waɗanda ya zana hanyoyinsu ta sama, babu ta inda bakin ƙarfen dalma zai kai ga ƙafafunsu, robar ta rufe wurin. Ƙananan mazaunan gada biyu kuma suka ɗago daga allon saboda zafi.

A wannan makon ne kuma ya fara ɗaukar ƙurar da muhimmanci. FR4 zaren gilashi ne da aka daskarar da gam, ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce, kuma tana dakushe tsinke da wuri. Ya riƙa ajiye bakin injin zuƙar ƙura kusa da tsinken, yana sa takunkumi.

Mako na 6: komawa kan zane

Bai kunna injin ba duk makon. Ya koma KiCad ya sake zanen bisa abin da injinsa da hannunsa za su iya. Hanyoyi suka koma milimita 0.4, tazara 0.3 a ko'ina in ban da ƙafafun ƙwaƙwalwar. Mazaunin gada ya tashi daga 1.2 zuwa 1.8, ramin 0.8, zoben ya zama 0.5. Ya fitar da duk gadoji daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, ya mayar da hanyoyin mahaɗan roba ta baya inda ƙafafunsu ke leƙowa. Wasu kayan masu dogayen ƙafafu da ake iya kaiwa gare su ta sama da ƙasa, ya bar ƙafafun nasu su yi aikin gada. Adadin gadoji ya sauko daga 26 zuwa 15.

Mako na 7: allo na 8

Ya sa sabon tsinke, zurfi 0.08, gudun tafiya milimita 120 a minti, zagaye biyu a kowace hanya don kwarin ya yi faɗi. Daga manna allo zuwa yanke shi an ɗauki kusan awa uku. A gaban fitila ba a ganin gocewa da ido, da ma'auni kuma ba ta kai milimita 0.1 ba a kusurwa mafi nisa. Ya bi kowace hanya da mitar gwajin wuta kafin ya ɗora komai, ya tarar da wuri ɗaya da siririn gashin jan ƙarfe ya haɗa ƙafa biyu na ƙwaƙwalwar, ya cire shi da bakin reza. Don liƙa gadojin, ya zura waya ɗaya doguwa tana shiga tana fita kamar ɗinki, ya liƙe duka ta fuska biyu, sannan ya yanke rarar. Ya kunna allon ya yi aiki. Ya sake yin guda biyu a kan tsari ɗaya, duka suka fito.

Abin da nake gani

Alluna bakwai sun lalace, kuma a ganina biyu ne kawai daga ciki, na 4 da na 5, za a ɗora wa injin, su ma ba don ƙanƙantarsa ba ne, haɗa shi ne ba a yi daidai ba tun farko. Da ya sayi babban injin da yake magana a mako na 3 ya haɗa shi da ido kamar wancan, zai iya tarar da matsalar tana jiransa.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne canza abubuwa kafin ya karanta allon da ya lalace. Kowane kuskure a nan da kamanninsa. Idan ramuka duka sun goce gefe ɗaya da adadi ɗaya, layin juyawa ne ko sifili. Idan tsakiya daidai ne, gefuna kuma sun saɓa wa juna a tsaye, karkatar X da Y ce. Idan gocewar ba ta da tsari, a duba fegi ko sassauci. Allo na 4 ya riga ya nuna amsar, amma sai bayan kusan mako biyu aka kara ɗan'uwansa a gaban fitila. Ina yaba masa da ajiye allunan da lambobinsu, domin ba don haka ba da babu abin da za a duba.

Gyaran da na fi ba wa nauyi shi ne na mako na 6, ko da yake shi ne bai taɓa injin ba. Zoben 0.3 bai bar wa kuskure wuri ba, na 0.5 kuwa da ya haɗiye gocewar allo na 4 ma, ramukan ba su fasa shi ba. Zanen farko an yi shi ne da ƙa'idodin masana'anta, inda ake da rami mai rufi da injuna masu daidaito, aka kawo shi teburin da ba shi da ko ɗaya.

Akwai iyakar da har yanzu bai tsallake ba. Allonsa ba shi da koren rufin da ke hana dalma malala, jan ƙarfen yana dusashewa cikin kwanaki idan bai fesa masa abin kariya ba, kuma ƙafafu masu tazarar milimita 0.5 sun fi ƙarfin tsinken da yake da shi. Irin waɗannan yana aika su masana'anta. Waɗanda ba su kai haka ba yana sassaƙa su a gida, kuma duk lokacin da ya gusar da injin daga inda yake ko ya kwance wani noti, sai ya maimaita gwajin murabba'in milimita 100 kafin ya manna allo.